Yadda za ka haɗa direban LED a gurbin fitilun halojin masu dima

A gidaje da masallatai da ɗakunan saukar baƙi da dama a garuruwanmu, daga Bichi da Ɗambatta har Ringim da Gumel, za ka tarar da ƙananan fitilun nan na halojin da ake binnewa a silin, da dima a bango da ake murzawa haske ya ƙaru ko ya ragu. Haskensu yana da kyau, ba a musun wannan. Cin wutar ne ba ya ɗaukuwa. Ƙwai 6 masu wat 50 suna jan wat 300. Batirin mota ko na sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, kuma rabin wannan kawai ya kamata a taɓa in ana son ya yi ƙarko, wato awa 2 ke nan an gama da shi. Fitilun LED 6 masu cin wat 4.5 kowacce, wat 27 za su ja, batirin nan ya kai su sama da awa 20.

Abin da ya sa kowa ke son canji ke nan. Sai dai wanda ya cire halojin ya cusa ƙwan LED na kasuwa ya bar sauran kaya yadda suke, yawanci abu uku yake gani: fitilar na ƙyafta ido, ko dimar ta yi ta ƙugi, ko a murza a murza haske bai motsa ba sai can ƙarshe ya ɗauke gaba ɗaya. Shawarata a wannan jagora ɗaya ce: a ɗauke aikin rage haske daga wutar bolt 230, a mayar da shi cikin direban kansa, wato ɗan allon lantarkin da ke ciyar da LED, inda wuta ke ƙarama kuma a hannunka take.

Wani abu kafin a fara. Idan halojin ɗin a ɗakin 'yan tsaki yake ana ɗumama su da shi, bar shi inda yake. Zafin ake nema a can, LED kuwa ba za ta ba da shi ba.

Hau silin tukuna

Kashe wuta daga babban makunni, ka tabbatar janareta da inbata ma a kashe suke, sannan ka zaro ƙwai ɗaya ka dubi gindinsa. Idan ƙafafu biyu ne sirara kamar allura, tsakaninsu milimita 5.3, wannan MR16 ne mai bolt 12, kuma akwai taransifoma a wani wuri a sama. Idan ƙafafun masu kauri ne da kai a ƙarshensu, ana murɗa su kafin su fito, GU10 ne, bolt 230 ke shigarsa kai tsaye.

Na GU10 zan gama da shi a nan. Kada ka haɗa masa direba da hannu. Wurin ya yi ƙanƙanta, wutar kuma tana kisa. Ko dai ka sayi ƙwan LED da aka rubuta a kwalinsa cewa yana karɓar dima, ka haɗa shi da dimar zamani da aka yi don LED, ko ka raba layin da wutar gari gaba ɗaya ka mayar da shi na bolt 12 yadda za a bayyana a ƙasa. In ka zaɓi ta farko, masu sana'ar kan ɗora wa dima LED da bai wuce kashi 10 cikin 100 na wat ɗin da aka rubuta mata ba, saboda fizgar wutar da ƙwayayen ke yi a lokacin kunnawa.

Na MR16 kuwa, nemo taransifomar ka ɗaga ta a hannu. Mai nauyi ta ƙarfe da tagulla ce, tana fitar da bolt 12 mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da wutar gari. Marar nauyi, wadda ke cikin robar da ba ta fi tafin hannu ba, ta lantarki ce, tana juya wuta sau dubbai goma-goma a daƙiƙa. Karanta jikinta, za ka ga wani abu kamar 20–60W. Lambar farko ita ce mafi ƙarancin nauyin da take buƙata kafin ta tashi. LED mai wat 4 ba ta kai ba, shi ya sa take kamawa tana saki. Irin wannan taransifoma ba ta cancanci wahalarka ba. Cire ta.

Dalilin da ya sa dima da LED ba sa jituwa

Tsohuwar dima ba ta rage ƙarfin wuta a hankali. Yanka ta take yi. A cikinta akwai tirayak, wato makunnin lantarki marar hannu, irin su BT136, da ƙaramin dayak DB3 da ke tsokanarsa, mai buɗewa a wajen bolt 32. A kowane rabin juyi na wutar, tirayak yana rufe har sai an tsokane shi, sannan ya bar ragowar ta wuce. Murza dima jinkirta wannan tsokanar ne kawai. Zaren halojin yana da zafin da ba ya hucewa da sauri, don haka ido ba ya ganin yankan.

Tirayak yana da sharaɗi: in ya buɗe, sai wuta ta ci gaba da bi ta cikinsa, miliamfiya goma-goma, in ba haka ba ya rufe kansa tun lokaci bai yi ba. Halojin na wat 300 yana ba shi fiye da amfiya 1. LED ba ta ba shi ko kusa, kuma ɗan abin da take ja ma a fizge take jansa, lokacin da kafasitarta, wato ɗan rumbunta na tara wuta, ke cika.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ƙwayar LED fara tana aiki a bolt 3 zuwa 3.4, amma ƙarin kaɗan a bolt yana iya ninka wutar da ke ratsa ta, kuma tana ɗaukar zafi bolt ɗin da take buƙata yana sauka, sai ta ƙara ja, ta ƙara zafi, har ta ƙone. Saboda haka aikin direba shi ne ya tsayar da kwararar wuta a adadi ɗaya, ko bolt ya hau ko ya sauka, kamar mai tsaron bakin kwata a Kadawa da ke sakar wa kwami ruwa daidai gwargwado ko da babban magudani ya cika ko ya ja baya. To ka ga rikicin. Dima tana rage wuta don haske ya ragu, direba yana ƙara ja don haske ya tsaya. Haka za su yi ta kokawa har wutar ta gaza, fitila ta mutu.

Ƙara da cewa wutar ƙaramin janareta ba ta tsayawa wuri ɗaya, inbata mai arha kuma wuta mai kusurwa take fitarwa, tirayak ba ya gane lokacin buɗewarsa a kansu.

Haɗa direban

Tushen wuta sai ya zama bolt 12 marar juyawa. Mai sola ya ɗauko daga tashar fitilu ta na'urar cajin sola, domin ita ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa. Mai wutar gari ko janareta ya sa adafta ta bolt 12 irin ta kyamarar tsaro, wadda aka rubuta mata shigar bolt 100 zuwa 240. Wannan faɗin yana da amfani a ƙauye, inda wuta kan zo a raunane. A cire tsohuwar dima daga layinta a sa makunni na kawai. Kada a taɓa ciyar da irin wannan adafta ta cikin dima.

Wayoyin da ke silin za su wadatar. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5, in nisan ya kai mita 10, zuwa da dawowa tana da tirjiyar om 0.24. Halojin mai wat 50 yana jan amfiya 4.2, ya yi asarar bolt 1 a hanya. Fitilarmu ba ta kai rabin amfiya ba, asararta wajen bolt 0.1 ce.

Zuciyar direban ita ce PT4115, ƙaramar aisi, wato guntun lantarki, mai ƙafa 5 da ke aiki daga wajen bolt 8 zuwa 30, tana iya ba da har amfiya 1.2. A neme ta a wurin masu kayan lantarki, kuma sau da yawa in ka fasa mataccen ƙwan LED na MR16 za ka same ta a allonsa da ranta. Ƙafa ta 1 ita ce SW, ta 2 ƙasa (wato gefen baƙin waya), ta 3 DIM, ta 4 CSN, ta 5 VIN.

Ga yadda ake jera su. Jan waya daga tushe ya bi ta fiyus, ya bi ta dayod SS34, mai barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai, don kare juya waya, ya shiga VIN. Baƙin waya ya tafi ƙafa ta 2. Tsakanin VIN da CSN a sa razistar auna wuta, wato 'yar tirjiya da ake lissafawa da om. Daga CSN a tafi ƙafar LED mai alamar tarawa. Daga ɗaya ƙafar LED a shiga kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, daga kwayil a shiga SW. Sai dayod SS14 ko SS24, gefensa mai zane a VIN, ɗaya gefen a SW. A ƙarshe kafasita mai maikurofarad 47, bolt 35, tsakanin VIN da ƙasa, da ƙaramar ta tangaran mai maikurofarad 1 a manne da ƙafafun aisin.

Yadda take aiki ba wuya. Aisin tana buɗe SW, wuta ta ratsa razista da LED da kwayil tana hawa. Da ta ga abin da ke kan razistar ya ɗan haura bolt 0.1 sai ta rufe, kwayil ya juye abin da ya tara ta cikin dayod ya koma LED. Da ya ɗan sauka sai ta sake buɗewa. Tana yin haka sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Don haka razistar ce ke yanke hukunci: raba 0.1 da om ɗinta, ka sami amfiya. Om 0.3, mai rubutun R300, tana ba da miliamfiya 333, daidai da ƙwayoyi masu wat 1. Om 0.15 tana ba da 667. R330 guda biyu a gefen juna sun zama om 0.165, miliamfiya 606 ke nan.

Wannan na ƙarshen nake zaɓa, da ƙwayoyi biyu masu wat 3 a jere ɗaya bayan ɗaya. An yi su don miliamfiya 700, amma a zafinmu gara a bar musu sarari. Biyun suna cin wajen bolt 6.6, wato wat 4, haskensu kuma yana kamo na halojin mai wat 35. Mutane sun fi son jera uku masu wat 1, kuma a kan adafta babu laifi. A kan batir ne ban yarda da shi ba: uku suna son kusan bolt 10, batir yana sauka 11.5 da dare, dayod da waya sun ci nasu, sai haske ya dinga dushewa tun kafin sallar asuba. Mai batir na bolt 24 ya lura cewa lokacin caji yana kai wa 28.8, ya matso iyakar aisin, gara ya sauke wutar zuwa 12 kafin ta iso.

Kwayil ya zama maikurohenri 68, ko wani abu tsakanin 47 da 100, mai ɗaukar aƙalla amfiya 1. Kada a sa dayod 1N4007 a gurbin SS14, saurinsa bai kai ba, zai yi zafi ya kashe aisin. Wayoyin da ke tsakanin SW da dayod da kwayil da kafasita su zama gajeru iya gajarta, nan ne hayaniyar lantarki ke fita. Fitilu 6 suna jan wajen amfiya 2.2, fiyus na mota mai amfiya 5 a kusa da batir ya isa. Launi kuwa a nemi LED mai rubutun 3000K, shi ya fi kusa da na halojin. A gaya wa mai gida tun wuri cewa halojin yana komawa ja-ja in an rage shi, LED ba ta yin haka.

Rage hasken

Ƙafa ta 3 ce ƙofar. In an bar ta ba a haɗa da komai ba, fitila tana ba da cikakken haske. Ƙasa da bolt 0.3 tana mutuwa. Daga 0.5 zuwa 2.5 wutar LED tana bin bolt ɗin da aka ba ta. Abin da ya haura bolt 6 yana lalata ƙafar, don haka bolt 12 ba ya zuwa kusa da ita.

Hanya mai sauƙi: sa aisi 78L05 ta ba ka bolt 5. Daga nan razista 10k, sai boliyom 10k, wato razista mai murzawa, sai razista 2.2k zuwa ƙasa. Ƙafar tsakiya ta boliyom ta tafi DIM na dukkan fitilun, da kafasita mai lamba 104 daga kowace DIM zuwa ƙasa don tace hayaniyar doguwar waya. Murzawa za ta ba da daga bolt 0.5 zuwa wajen 2.7. Ba ƙyafta ido ko kaɗan. Rauninta shi ne a ƙasan ƙarshe wutar kashi 20 cikin 100 ce, ido kuma yana ganin hakan kamar kusan rabin haske. Ga shago ko zaure ya wadatar. Ga ɗakin kwana, ko masallaci a tahajjudin goman ƙarshe da ake son haske ya yi laushi sosai, bai isa ba.

A nan aisi NE555 ke shigowa, ta dinga kunna fitilar tana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa. Ciyar da ita daga bolt 5 ɗin nan a ƙafa ta 8 da ta 4, ta 1 a ƙasa. Razista 1k daga bolt 5 zuwa ƙafa ta 7. Daga ta 7 a fitar da dayod 1N4148 guda biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, kowanne zuwa gefe ɗaya na boliyom 100k. Tsakiyar boliyom ta haɗu da ƙafa ta 2 da ta 6, da kafasita 103 daga nan zuwa ƙasa, wata 103 kuma a ƙafa ta 5. Ƙafa ta 3 ta bi ta razista 1k zuwa DIM. Wannan yana bugawa wajen sau 1,000 a daƙiƙa, kuma haske yana sauka har ya zama ɗan ƙyalli. A wannan tsarin a cire 104 ɗin da ke kan DIM, kuma baƙin wayar 555 da na direbobi ya zama ɗaya.

Boliyom ɗin zai iya zama a akwatin tsohuwar dima, amma da sharaɗin babu wayar bolt 230 ko ɗaya da ta rage a akwatin ko a bututun. A kwance ta daga bakin nan da bakin can, a gwada da mita.

In mai gida ya dage sai tsohuwar dimarsa

Ana samun Alhajin da zai ce kada a taɓa masa bango. In taransifomarsa mai nauyi ce, akwai dabara, ko da yake ba na sonta. A mayar da bolt 12 ɗin marar juyawa da gadar dayod SS14 guda huɗu. Bayan gadar a sa SS34, sannan kafasita mai maikurofarad 1,000, bolt 35, sannan direba. Ƙololuwar wutar tana kai wa bolt 17, dayodi su ci fiye da 1, kafasitar ta riƙe direba a tsakanin juyi da juyi. In babu dima mai maikurofarad 470 ta isa.

Daga bakin gadar, kafin SS34, ake karanto inda aka murza dimar. A sa razista 1k mai rabin wat zuwa ƙasa. Daga wurin kuma razista 2.2k zuwa zena, dayod mai tsayar da wuta a bolt 5.1. Daga kan zenar razista 10k zuwa DIM, sai 15k da kafasita mai maikurofarad 47 daga DIM zuwa ƙasa. Duk tsawon lokacin da tirayak yake buɗe zenar na kan 5.1, in ya rufe ta faɗi, kafasitar kuma ta mayar da wannan bolt mai bin hannun mai murzawa. Da haka direba ya daina kokawa da dima.

Sharaɗin tirayak yana nan dai. Dole a bar halojin ɗaya ko biyu a layin har nauyin ya kai mafi ƙarancin da aka rubuta a bayan dimar, sau da yawa wat 40 zuwa 60. Wani ɓangare na ribar ya tafi ke nan, kuma a ƙarshen murzawa LED za ta riga halojin mutuwa. In ka ji taransifomar na ƙugi ko ta yi zafin da ba a saba ba, tirayak ne ke buɗewa a rabi ɗaya fiye da ɗayan, kashe nan take.

Zafi

Abin da ke kashe irin wannan aiki a ƙasarmu ba kuskuren lissafi ba ne, bazara ce. A watan Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40, tsakanin kwano da silin kuwa sai abin da ya ƙaru. Yi lissafinka a kan digiri 55. Daga wat 4 ɗin, wajen 3 zafi ne, kuma ana son bayan ƙwayar kada ya wuce digiri 80. Farantin alminiyom mai santimita 10 a kowane gefe, kaurin milimita 2 ko 3, da iska ke taɓa fuskokinsa biyu, zai yi. Guntayen da masu haɗa tagogi ke zubarwa ma suna yi. A goge wurin ya yi sumul, a shafa farin man zafi sirit, a ɗaure da kusoshi biyu, ba da gam ba. Allon direba ya zauna gefe, ba a kan farantin ba. Kafasita a nemi mai rubutun 105°C, domin kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwananta. Bayan hunturu a hau a kakkaɓe ƙurar da ta kwanta a farantin.

Gwaji kafin a rufe silin

Haɗa LED ɗin kafin ka ba da wuta, kada ka cusa ta direba na kunne. Sa mita a kan razistar auna wuta, ka ga bolt 0.1. In ya yi ƙasa sosai alhali DIM ba a haɗe take da komai ba, wutar shiga ce ba ta isa ba. In fitila ba ta kama ba sam, duba fuskar SS14 da ta LED. Bar ta awa 1 a ɗaki rufe da rana tsaka, sannan ka auna farantin da wayar auna zafi ta mita. In babu, ɗora yatsa: kasa riƙewa daƙiƙa 5 yana nufin ya haura wajen digiri 60, to in a ƙasa ya kai haka, a silin zai fi, ƙara faranti ko ka koma R330 guda ɗaya.

Nuna mata kyamarar waya ka murza boliyom daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Layuka masu kauri da ke tafiya a hankali alamar kafasitar shiga ta yi kaɗan. Sannan ka kunna rediyo a gajeren zango kusa da ita, domin dattijon gidan zai kama labaran safe ko ka gwada ko ba ka gwada ba. In tana shiii, gajarta wayoyin SW, ka murɗe wayoyin LED biyu da juna, ka sa kafasitar tangaran mai maikurofarad 1 a kan ƙafafun LED, ka zura wayar shiga a zoben baƙin ƙarfen nan da ake samu a jikin tsohuwar wayar caja ta kwamfuta, zagaye biyu ko uku.